Kafin Ka Ɗaukar Wa Ɗanka Malamin Gida

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Malanville bayan sallar magariba, sa'ad da zafin yini ya lafa, masu albasa suka lulluɓe buhunansu, ba zai rasa ganin wani abu da ya zama ruwan dare a 'yan shekarun nan ba: baƙin allo jingine da bangon zaure, ƙwan lantarki ɗaya ƙwari na kewaya shi, yara biyar ko shida a kan benci, babbansu yana shirin jarrabawar BEPC, ƙaraminsu ko baƙaƙe bai gama rarrabewa ba, ga kuma wani saurayi, malamin gida da ake kira mushe, tsaye, alli a hannun dama, waya a hannun hagu. Shi ya rubuta, su su kwafa. In allo ya cika ya goge ya sake cikawa, har a kira isha'i, ya kaɗe hannu ya hau babur, domin akwai wani gida da ke jiransa.

Kwanan baya na zauna a rumfar wani dattijo ɗan kasuwa, sai ya kawo mini kukan da na sha ji a bakin iyaye. Ya ce, "Malam, shekara biyu ke nan mushe yana zuwa gidana, ban taɓa bari wata ya mutu ban sallame shi ba, littattafan yaro duk an cika su da rubutu, amma da sakamako ya fito babu sunansa. Ina laifina?"

Na ce, "Alhaji, ran da ka ɗauke shi, me ka tambaye shi?"

Ya ce, "Na tambaye shi nawa zai karɓa."

"Sai kuma me?"

"Sai na ji Faransanci na zuba a bakinsa, na ce shi ke nan."

Mutumin nan ba ya sayen buhun albasa sai ya kwance bakinsa, ya zura hannu har ƙasa ya taɓa, amma ya danƙa hankalin ɗansa ga wanda bai auna ba, saboda ba shi da ma'aunin. Wannan ma'auni nake so mu tattauna a kai, kuma ra'ayina tun da farko shi ne, malamin gida na ƙwarai ana gane shi da abu guda kafin kome: ya nemo daidai wurin da karatun yaro ya karye, ya koma can ya ɗora, ko da wurin yana aji uku baya da inda yaron yake zaune.

1. Abin da ya kawo yawaitar sana'ar

Tun daga watan Oktoba na 2006, lokacin da gwamnatin Boni Yayi ta ɗauke wa iyaye kuɗin makarantar firamare, yara suka kwararo lakol fiye da yadda ajujuwa da malamai za su iya ɗauka, har ya zamana malami, kome himmarsa da tsoron Allahnsa, ba shi da sukunin tsayawa a kan yaro guda ya ga ko ya gane, alhali ga manhaja tana korarsa, ga sufeto yana tafe. Jiharmu ta Alibori kuwa ta daɗe tana cikin na baya a ƙasar Benin wajen sa yara makarantar boko, wanda ke nufin da yawa daga iyayen yau, ko da sun sauke Alƙur'ani sun karanta Ahalari da Ishmawi, ba su iya duba littafin yaro su ce nan daidai ne, nan kuskure ne. A kan wannan kuma ga matsalar harshe. Yaron da ya tashi da Dandanci ko Zabarmanci ko Fillanci ko Hausa, tun ranar da ya shiga aji na farko ake fuskantarsa da Faransanci, a ce da shi zai koyi karatu, da shi zai koyi lissafi, da shi kuma zai haye matakai uku da ke gabansa, watau CEP bayan shekara shida, BEPC bayan huɗu, sa'an nan BAC bayan uku. Uban da ya ga haka, yana da ɗan abin hannu, ba abin mamaki ba ne ya nemi wanda masu Faransanci ke kira répétiteur.

Ba mu kaɗai ba ne. Koriya ta Kudu ta haramta wannan sana'a a 1980, mutane suka ci gaba da ita a ɓoye, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin a 2000. Ƙasar Sin ma ta ɗaure ta tamau a 2021. A tarihin Musulunci kuwa abin tsoho ne, domin Imam Kisa'i, ɗaya daga cikin ma'abota ƙira'o'i bakwai, shi ne mu'addibin 'ya'yan Halifa Haruna Rashid a Bagadaza. Saboda haka jayayya a kan ko a ɗauki malamin gida ko kada a ɗauka ɓata lokaci ce. Abin tambaya shi ne wane iri.

2. Sanin inda karatu ya karye

Na taɓa kallon wata malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ranar farko da aka kawo mata wani yaro ɗan ajin ƙarshe na firamare, wanda aka yanke masa hukuncin cewa ba shi da kan lissafi. Ba ta taɓa alli ba. Ta buɗe littafinsa, ta nuna masa tambayar da ya ci sifiri a kanta, irin wadda ake cewa ɗan kasuwa ya sayi kaya kaza ya sayar kaza, a nemo ribarsa, ta ce ya karanta da ƙarfi. Ya karanta tiryan-tiryan. Ta ce, "To ɗana, me suke so ka nemo?" Ya sunkuyar da kai. Sai ta rufe littafin ta ce masa da Hausa, "Babanka ya sayi buhu jikka goma sha biyu, ya biya ɗan dako dala ɗari, ya sayar jikka goma sha biyar, nawa ya ci?" Kafin ta rufe baki yaro ya ce jikka biyu da rabi. Ta ce ya rubuta kuɗin dako a allo, sai ya rubuta 100, alhali a lissafin makaranta 500 ne, domin dala tamu ta kasuwa faran biyar ce.

A cikin abin da bai kai sulusin sa'a ba matar nan ta gano abu biyu da shekaru ba su nuna wa kowa ba: cewa yaron yana da lissafi a kansa wanda ya fi na manya da yawa, amma yana furta Faransanci ba tare da ma'anarsa ta isa zuciyarsa ba, kuma yana ƙirga kuɗi da dala, makaranta tana ƙirgawa da faran. Da an haɗa shi da mai cika allo, da ya ƙara masa tambayoyi hamsin irin waccan, ya faɗi hamsin ɗin, ya ƙara tabbatar wa kansa cewa shi daƙiƙi ne.

Wannan shi ne aikin da malamin aji ba shi da lokacin yi, kuma shi kaɗai ne hujjar biyan wani dabam. Idan malamin gida zai maimaita darasin safe ne da yamma, da harshen da yaro bai gane ba da safe, da saurin da ya bar shi a baya da safe, to me aka saya? Mai gyaran injin ban ruwa a fadamar shinkafa ba ya fara kwance injin sai ya tayar da shi ya kasa kunne ya ji inda ƙarar ta sauya, haka ya kamata makon farko na malamin gida ya tafi a sauraro: ya ba yaro shafin da bai taɓa gani ba ya karanta, ya nuna masa kalma daga tsakiyar layi don ya bambanta mai karatu da mai hadda, ya sa shi ya yi ɗebewa da rabawa yana faɗin abin da yake yi da baki. Sau da yawa za a tarar ɗan ajin BEPC da ke kuka da aljabara ciwonsa yana can baya, wajen kasafin lamba ko jadawalin ninkawa.

Daga nan ake gane cewa malamin da ya ji harshen gidan yaro yana da fifiko a wannan gari, matuƙar ya san lokacin amfani da shi. Ba ina cewa a mayar da darasi Dandanci ko Hausa ba, tun da jarrabawa da Faransanci za a rubuta ta. Ina cewa a buɗe ma'ana da harshen uwa, idan ta zauna a koma a tufatar da ita da Faransanci, a sa yaro ya faɗa da bakinsa har ya saba. Malamanmu na zaure haka suke yi tun fil azal, su karanta matanin Risala da Larabci, su fassara kalma kalma, ba wanda ya ce Larabcin ɗalibansu ya raunana saboda haka. Hasali ma, tsarin zaure, inda kowane ɗalibi ke zuwa da littafinsa, a biya masa daga inda ya tsaya jiya, ba a ƙara masa sai ya kawo na baya, shi ne asalin abin da muke nema, mun dai manta cewa namu ne. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta gina aikinta a kan haka, tana kasa yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba, kuma masanan da suka auna amfanin tsarin, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suna cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

3. Tadriji, da maganar bulala

Wanda ya gano wurin karaya, saura ya yi haƙurin ɗori. Ibnu Khaldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya yi bayanin cewa ilimi ba ya zama sai an bi shi da tadriji, a ratsa fanni sau uku: da fari a taƙaice, daidai ƙarfin hankalin ɗalibi, na biyu da faɗaɗawa, na uku kuwa a warware duk abin da ya rage a dunƙule, ya kuma yi gargaɗi kada a cakuɗa wa mai koyo fanni biyu a lokaci guda. Ku gwada wannan da saurayinmu mai benci guda, wanda a sa'a ɗaya yake son ya biya wa ɗan aji biyu baƙaƙe, ya biya wa ɗan sakandare kimiyya. Sannu ba ta hana zuwa. Malamin da ya ce da uba, wata biyu zan yi da ɗanka a kan karatu kawai kafin mu taɓa nahawu, ya fi wanda ya yi alkawarin gama manhaja kafin hutun farko.

Akwai iyayen da ke auna malami da zafin hannunsa, har su ce wane ya iya koyarwa, yara na jin babur ɗinsa suke natsuwa. Wannan natsuwar tsoro ce, kuma Ibnu Khaldun ɗin nan ya keɓe fasali guda a kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana koya masa kasala da ƙarya da yaudara, domin ya saba nuna abin da ba shi ne a ransa ba don ya tsira. Tun kafinsa da ƙarni biyar Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya iyakance horon malami a littafinsa na ladubban masu koyarwa, ya hana shi duka cikin fushi. Ni kuwa abin da ya fi damuna a aikace shi ne, yaron da ke tsoron malami ba zai taɓa cewa ban gane ba, alhali wannan kalma ita ce jarin malamin gida. Ran da yaro ya daina faɗinta, malami ya makance.

4. Amana

Fuƙaha'u sun sanya koyarwa da lada a babin ijara, Imam Malik ya halatta karɓar ujura ko a kan koyar da Alƙur'ani, balle lissafi, amma sharaɗin ijara shi ne a san aikin, a san lokacin, a san ladan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka yi da shi sa'a biyu sau uku a mako, ya riƙa zuwa a makare yana tashi da wuri, rabin zaman yana amsa waya, to ya sani akwai haƙƙi a cikin abin da yake kai wa iyalinsa.

Ha'incin da ya fi wannan muni, saboda yana kama da taimako, shi ne malami ya yi wa yaro aikin gida da hannunsa. Yaro ya kai makaranta a ba shi 18 bisa 20, uba ya yi murna ya ƙara wa mushe goro, a yi ta haka har watan Yuni, ranar da za a zaunar da yaro shi kaɗai da takarda, babu mushe babu waya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malami na ƙwarai yana iya zama ya naɗe hannu yana kallon yaro na fama da tambaya minti goma, yana ganin amsar, bai faɗa ba sai dai ya jefa masa wata tambayar da za ta haska masa hanya. Wanda bai san koyarwa ba zai ce malamin nan ba ya aiki, alhali a lokacin ne aikin yake gudana.

Sai kuma mas'ala mai ɗan nauyin faɗa, ta malamin aji da ke karɓar kuɗi ya koyar da 'yan ajinsa da yamma. Na san albashin malami ba ya kai shi ƙarshen wata cikin sauƙi, na kuma san da yawa suna yi tsakani da Allah. Duk da haka akwai shubuha a ciki, domin mutumin da zai tsara tambayoyin jarrabawar aji, ya kuma ba da maki, shi ne ke karɓar kuɗi daga wasu yaran ban da wasu, kuma ko bai karkata ba, zukatan marasa biya za su zarge shi. Inda hali ya yi, gara a nemi wanda ba shi da hannu a makin yaro. In kuwa ɗalibar budurwa ce, a yi karatu a fili, a tsakar gida ko zauren da ake shiga ana fita, don kare mutuncinta da na malamin gaba ɗaya; malamin kirki shi da kansa zai fara neman haka.

Cikon amana faɗin gaskiya ne ga mai biya. Wanda zai iya duban uba ya ce, "Alhaji, yaron nan bana ba zai haye ba, gara ya maimaita aji ya yi ƙarfi," ko ya ce, "Wannan fanni ya fi ƙarfina, a nemi wane," ko ma ya ce, "Ya tsaya da ƙafarsa a lissafi, a rage mini kwanaki," ya san kowace ɗaya daga cikin maganganun nan za ta iya rage masa abinci. Shehu Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukh, don lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne, kuma mai duba shi zai ga yadda ɗalibi ke tashi daga hannun wannan zuwa na wancan gwargwadon fannin da kowa ya ƙware. Riƙe yaro shekara da shekaru don kada kuɗin wata ya yanke ba ɗabi'ar ma'abota ilimi ba ce.

5. Haƙƙinsa a kan masu gida

Kada a ɗauka duk nauyin a kan malami yake. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano suka tsaya, kowa ya san yadda aljihu ya yi a garin nan, kuma malamin gida yana cikin na farko da ake cewa ya yi haƙuri sai wata mai zuwa. Wanda yake bin kuɗinsa na wata uku dole ya ƙara gidaje don ya ci abinci, in ya ƙara gidaje kuwa sai ya koma mai cika allo. Araha ba ta ado. Wanda ba zai iya biyan malami shi kaɗai ba, gara ya haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku masu yara 'yan aji ɗaya, su biya mutum guda da kyau a kan kari, da a tara masa yara bakwai masu aji bakwai a kan kuɗin da bai kai na man babur ba.

Haka nan lokacin karatu a bar wa karatu. Ba daidai ba ne malami ya zauna a ce yaro ya tafi kai saƙo, ko yarinya tana wanke-wanke, ko ranar da kasuwa ta cika a ce yau dai a bari. Yaron da ya ga sa'ansa ya samo jikka biyu a bakin kogi wajen lodin kwale-kwale ya riga ya sami mai yi masa huɗubar barin makaranta, ba ya bukatar gida ya ƙara nuna masa cewa karatu shi ne abin da ake ɗagawa. Kuma a daina jiran watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, jarrabawa saura wata biyu, sa'an nan a fito neman mai ceto. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Oktoba ake ɗaukar malami.

6. Yadda wanda bai yi boko ba zai auna

Rashin Faransanci bai hana uba ko uwa sa ido ba. Ranar ɗauka, bayan maganar kuɗi, a tambaye shi gidaje nawa yake zuwa, da gidan da ya bari da dalilin barinsa, a je a tambayi mutanen gidan. Bayan mako biyu a kira shi gefe a ce, "Mushe, me ka gano yana damun yaron nan?" Wanda ya amsa da cewa wasa ya yi masa yawa, ko ba ya mai da hankali, bai duba ba, domin wannan kowa ma zai faɗa. Wanda ya duba zai ce yana rikita baƙi kaza da kaza, ko yana karantawa ba ya fahimta, ko ya iya tarawa bai iya rabawa ba, kuma zai faɗi abin da yake niyyar yi da tsawon lokacin da yake bukata.

Sa'an nan a riƙa zama kusa lokaci lokaci a kasa kunne: muryar wa ta fi yawa, ta malami ko ta yaro? In ta malami ce daga farko har ƙarshe, wa'azi ake yi. In malami ya tafi, a ce da yaro ya faɗi abin da ya koya yau da harshen gida, ko ya koya wa ƙaninsa. Uwar da ba ta san harafi ɗaya ba tana iya gane yaron da ke bayani da wanda ke inda-inda. A ƙarshen zango kuma a ɗauki takardar sakamako a je wurin malamin aji, a tambaye shi ko ya ga canji a aikin da yaro ke yi a gabansa, wanda ba a zo da shi daga gida ba.

Saura yaran Garu da Madikali da Gene da na cikin gari waɗanda iyayensu ba su da ko dalar biyan kowa, su ne kuma mafi yawa. Ƙungiyoyin iyayen yara da ke kowace makaranta suna iya buɗe aji guda da fitila da dare, su roƙi ɗaliban jami'ar Paraku da na Abomey-Calavi da ke dawowa gida hutu, da malaman da suka yi ritaya, su zauna da yara rukuni rukuni bisa abin da kowa ya iya, a tara musu ɗan abin sabulu daga masu hali. Allo da benci akwai su, a kulle suke kwana.